Sabis Ma a Mota Yake Zuwa

Shawarar da aka saba bai wa mai aiki daga gida idan na'ura ta yi masa gardama ba ta wuce uku zuwa huɗu ba: ya kashe ya sake kunnawa, ya duba ko caja ta zauna daidai, ya matsa kusa da taga, in duk ba su yi ba ya kira kamfani. Shawara ce mai kyau, amma ta mutumin da matsalarsa ke cikin ɗakinsa ce, wanda wuta da intanet ke iso masa har bakin ƙofa bai taɓa tambayar ta ina suka biyo ba. Wanda ya hau mota a Gusau ya nufi arewa, ya sauka Ƙauran Namoda, daga nan ya miƙe zuwa Shinkafi ko ya karkata ya bi hanyar Zurmi, zai ga wani lissafi dabam tun yana kan kujera. Ya isa ya riƙa kallon sandunan sabis da ke saman fuskar wayarsa. A cikin gari sun cika, da an wuce gidajen ƙarshe sai su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, a wani kwari su ɓace ɓat, ba za su dawo ba sai an hango dogon ƙarfe mai fentin ja da fari a bayan wani ƙauye. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a wannan yanki yawancin abin da ake kira matsalar na'ura matsalar hanya ce. Sabis a mota yake zuwa, kuma duk abin da ya tare mota ya tare shi.

Ƙaura ta san haka tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. A nan layin dogon da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a 1929, bai kuma ƙara gaba ba. Ba don ƙaunar garin Namoda Turawa suka shimfiɗa ƙarfe har bakin Gulbin Gagare ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke nema, kuma inda jirgi ya tsaya nan kamfanonin saye suka kafa sikeli, nan labarin farashi yake fara sauka kafin ya bazu ƙauyuka a bakin fatake. Jirgin ya daɗe da zama labari, amma garin bai rasa abin riƙo ba, domin tun 1983 akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma duk inda ɗalibai suka taru sai ka ga shagunan buga takardu, masu gyaran waya da kwamfuta, da masu yi wa mutane rajistar jarrabawa ta intanet. Shi ya sa Ƙaura ta zama wurin da mutumin Shinkafi ko na Zurmi yake kawo na'urarsa idan ta gagari mai gyaran garinsu. Wadda ta gagari Ƙaura sai Gusau, wadda ta gagari Gusau sai Kano.

Wani zai tare ni tun a nan ya ce wane ne ma yake aiki daga gida a Zurmi, ai wannan hira ce ta ma'aikatan banki na Legas da Abuja waɗanda annobar korona ta zaunar a gida a 2020. Mai wannan magana ya manta da rabin al'umma. Matan ƙasar Hausa sun daɗe suna sana'a daga cikin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗinkin hula, fura, dafa-duka, duk ana yi a tsakar gida yara su kai talla. Abin da ya sauya shi ne yanzu wani ɓangare na tallar ya koma WhatsApp, inda ake ɗora hoton atamfa da turaren wuta da takalma, a yi ciniki da saƙon murya, a turo kuɗi ta waya, ɗan acaɓa ya kai kaya. Ga malamin makaranta da ke haɗa sakamakon jarrabawa da dare, ga ma'aikacin lafiya da ake jiran rahoton wata daga hannunsa, ga masu tattara bayanai na ƙungiyoyin agaji (ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi), ga ɗan kasuwar hatsi da ba ya loda wake sai ya ji yadda Dawanau ta tashi a Kano. Akwai kuma dalilin da ya fi annoba ƙarfi. A wurin da fita gona ko bin hanya zai iya ƙarewa da neman kuɗin fansa, duk aikin da za a iya gamawa daga zaure ya tashi daga jin daɗi ya zama kariya.

To, me ke riƙe da wannan aiki? Ƙarfen sabis ba ya aiki da iska. A gindinsa akwai janareto da batura, wani lokaci da faifan sola, kuma mafi yawan ƙarafan ƙasar nan da man dizal suke kwana suke tashi, saboda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Da yawansu ma ba mallakar kamfanonin layi ba ne, kamfanoni irin su IHS ne ke gina su su ba da haya. Dole wani ya tuƙo mai har gindin ƙarfen, dole injiniya ya zo ya canja abin da ya ƙone, kuma dukansu biyun mutane ne masu iyali da ke tambayar lafiyar hanya kafin su taso. Ƙari a kan haka, ƙarafan a sarƙe suke. Waɗannan faranta masu kama da ganga da ake gani a jikinsu su ne ke miƙa saƙo daga wannan ƙarfe zuwa na gaba har a kai inda waya ta ƙarƙashin ƙasa ta karɓa. Idan na tsakiya ya mutu, na bayansa duk sun yi shiru ko da tankinsu cike yake. Shi ya sa mutum zai ga sanduna huɗu a wayarsa amma saƙo ya ƙi tafiya: wayar tana jin ƙarfen garinsu, ƙarfen ne ba ya jin kowa. Sarƙar kuma ba a iyakar Zamfara ta tsaya ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanonin layi a Najeriya suka shiga tangarɗa, wanda ke zaune a Ƙaura yana ta goge layinsa da bakin riga alhali lalurar tana ƙasan tekun da bai taɓa gani ba.

Wuta ita ma haka take, sai dai tata ta fi fitowa fili. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne tare da Sakkwato da Kabi, kuma Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna can ƙarshen layi, inda wutar kan iso a gajiye in ta iso, ta kunna ƙwai ja-ja amma ta kasa tayar da firji. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ake kewayawa da shi ta Ugwuaji da Apir shi ma ya faɗi. A da mafita ita ce ƙaramin janareto, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Daga nan lissafin ya juye. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum ba ta cin fiye da wat 45 zuwa 65, waya ba ta kai ko kusa ba, don haka tayar da janareto domin su kaɗai ɓarnar mai ce. Wannan ne ya ƙara wa mai caji daraja. Rumfarsa mai jerin soket da wayoyi birjik, kowace da lambarta, ita ce ainihin tashar wutar unguwa: mutum ɗaya ya sayi mai ko ya kafa sola, mutum hamsin su raba kuɗin. Wanda ya samu hali ya sa sola a gidansa bai tsira gaba ɗaya ba. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faifan ta rage masa ƙarfi sai an riƙa gogewa, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana rage wa batir kwana, kuma idan inbata ta ƙone ba a Zurmi ake ƙera ta ba. Ita ma sai ta hau mota.

Hanyar Shinkafi ce ta fi nuna abin da nake nufi. Shingayen jami'an tsaro, direbobi masu jiran juna don a tafi a jere, dokar da ba a rubuta ba cewa kada yamma ta same ka a daji. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin wannan sashe, tana jawo 'yan Isa da Sabon Birni na jihar Sakkwato har da mutanen Nijar, kuma ba wanda ke son ɗaukar damin kuɗi a irin wannan hanya. Saboda haka ciniki ya koma hannun masu POS da tura kuɗi ta waya, musamman tun farkon 2023 da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. A nan ne ake jin maganar da ta fi kowace tayar da jijiyar wuya: "Kuɗi sun fita, ba su shiga ba." Mai saye ya nuna an cire masa, mai sayarwa ya nuna bai ga alat ba, dukansu gaskiya suke faɗa. Saƙon ya tashi, amsarsa ce ta maƙale a hanya, kuma bankin da zai warware rigimar yana wani gari.

An taɓa gwada wannan hujja a kan jiha guda, kuma sakamakon yana rubuce. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Bello Matawalle ya rufe kasuwannin mako-mako, ya hana sayar da fetur a jarka, ya taƙaita zirga-zirgar babura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, ranar 3 ga wata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin Zamfara. Mako biyu aka ce. Gusau ba ta samu nata ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maidowa, kuma umarni dabam, dawowar sabis dabam, tun da ƙarfen da ya yi watanni a kashe sai an je an tashe shi. A wannan lokaci ba wata dabarar cikin ɗaki da ta yi amfani. Mai son aika saƙo sai ya shiga mota ya fita daga jihar, kuma da aka kashe wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato sai tafiyar ta ƙara tsawo. Hana sayar da mai a jarka, wanda aka yi don a yunwatar da baburan ɓarayin daji, ya faɗa kan mai caji da mai niƙa, domin janareto ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa. Masu goyon bayan kashe sabis ɗin suna da hujja, kuma da farko talakawa da yawa sun yi na'am da shi: da waya masu kai rahoto ke tsegunta motsin sojoji, da waya ake cinikin fansa. Ban raina wannan ba. Sai dai wayar da ɓarawo ke kira da ita, irinta ce ƙauye ke kiran ɗauki da ita, kuma ɓarawo yana da babur da kuɗin neman wata kafa, manomi ba shi da su. An maido da sabis, hare-hare ba su ƙare ba, amma wanda ya rasa abokan ciniki a waɗannan watanni ba wanda ya biya shi.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma masu gyaran waya ne za su fi yin sa: ɗora komai a kan hanya yana wanke sakacin mutane. Suna da gaskiya. Caja ta jabu tana kashe batir. Barin waya a rana ko ƙarƙashin matashi tana caji yana kumbura shi. Ƙura tana toshe ramin caja har mutum ya ɗauka wayar ce ta mutu, alhali tsinken sakace da hannu mai sanyi sun isa. Wayar da ta cika da bidiyon zaurukan WhatsApp dole ta yi nauyi, kuma barin ta tana sauko da kowane bidiyo da kanta shi ne ke shanye data cikin dare, abin da ya ƙara ciwo tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga kuma 'yan damfara masu kira da sunan banki suna neman lambar da aka turo. Duk waɗannan a cikin ɗaki suke, kuma maganinsu a hannun mai waya yake. Amma amincewa da haka bai rushe hujjata ba, ya ma nuna amfaninta. Gwanintar mai aiki daga gida a wannan yanki ita ce ya gane cikin minti biyu ko laifin na ɗakinsa ne ko na hanya, don kada ya kashe kuɗi a wurin da ba nan ciwon yake ba. Ya leƙa ya tambayi maƙwabci mai irin layinsa. Ya gwada ɗaya layin, wanda shi ne dalilin da ya sa da wuya ka ga ɗan kasuwa da layi guda. Ya danna lambobin banki masu farawa da tauraro, waɗanda ke tafiya ko a kan sabis mafi rauni. In kira yana shiga data ba ta motsi, ya san ba wayarsa ba ce. In unguwa duka ta yi shiru, to ya ajiye wayar ya kama aikin da ba ya buƙatar intanet, ya tara saƙonninsa zuwa tsakar dare ko asuba lokacin da cunkoso ya ragu. Ko cikin matsalolin da suka shafi mutum shi kaɗai, wasu hanya ce maganinsu. Layin da aka rufe saboda ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba, ko wanda ya ɓace ake son dawo da shi, sai mai shi ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

Zurmi, a bakin Gulbin Bunsuru, tana kan hanyar da ke fita Jibiya ta jihar Katsina, daga can kuma Maraɗi ba nisa. A watan Afrilun 2024 'yan bindiga sun shiga garin har fadar sarki, suka kuma lalata kayan sadarwa na wani kamfanin layi, wato su ma sun san inda ran sabis yake. A ƙauyukan da ke dab da iyaka mutane kan ajiye layin Nijar saboda irin wannan rana, su hau tudu su kamo sabis daga ƙetare. Dabara ce mai tsada, domin kira ne na ƙasa da ƙasa, katinsa da sefa ake saye, naira kuwa ta faɗi warwas a gaban sefa tun 2023. Nan ne masu son sabon abu ke cewa zamanin ƙarfe ya wuce, tun da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023 yana sauko da intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Ga asibiti ko ofishin agaji ko makaranta, wannan babban ci gaba ne, ban musa ba. Amma kuɗin kayansa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, ga kuɗin wata, ga wutar da yake ci wadda ta fi ta kwamfuta. Faranti a kan rufi kuma shela ce cewa gidan nan akwai kuɗi, a ƙasar da ba a son irin wannan shela. Mafi muhimmanci, mai sayar da atamfa ba da kanta take ciniki ba. Ko ta samu intanet daga sama, masu sayen kayanta da ɗan acaɓanta da mai POS ɗin unguwarsu duk suna rataye a ƙarfen bayan gari.

A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Mataki ne mai kyau a takarda, sai dai wanda ya shiga fadar sarki da bindiga ba tsoron sashen doka ne zai hana shi ƙona janareto ba. Waɗanda ke iya sauƙaƙa wa mai aiki daga gida tun yau su ne masu ba shi aikin. Ofishin da ke Abuja ko Kaduna da ya kira taron bidiyo da ƙarfe goma na safe, ya rubuta sunan wanda bai shigo ba a matsayin mai sakaci, yana hukunta mutum ne a kan tankar dizal da ba ta iso ba. Taron bidiyo na awa guda yana iya cinye kusan gigabait, alhali abin da aka faɗa a cikinsa zai shiga saƙon murya na minti biyar da takarda shafi ɗaya. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox an gina su ne don a cike fom ba intanet, su tura da kansu idan sabis ya samu, kuma ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna aiki da su. Ba abin da ya hana ma'aikatar ilimi ko ta lafiya ko ɗan kasuwa mai wakilai a ƙauyuka bin wannan tsari: a ba da wa'adin kwanaki maimakon na awa, a karɓi rahoto ta saƙon tes idan data ta ƙi, a sa kuɗin caji da na layi biyu cikin alawus kamar yadda ake sa kuɗin mota ga wanda ke zuwa ofis.